Dilruba Apa Ta Sauko Daga Bene

Kullum da safe Dilruba Apa, wato Yaya Dilruba, takan sauka daga keken haya a ƙofar shagon mai kindirmo, ta hau bene zuwa ɗan ajinmu na koyon kwamfuta a garin Bogura. Kafin mu iso ta goge injuna, ta kunna fanka, ta zuba shayinta. Sai ta ja kujera ta zauna a bayanmu, don ita ba ta tsayawa gaban allo. Haka take tun yayyenmu suna ajin.

Mu 'yan koyo ne, masu rubuta shafin intanet ya fito fari fat saboda waƙafi ɗaya, ko alamar baka-biyu da aka buɗe ba a rufe ba. Ni kunya ba ta barina in ɗaga hannu, kuma ta gane. Sai dai in ji ta a kafaɗata, ta ce in duba layin da ke saman wanda injin yake zargi. Wai injin halin surukarta gare shi, laifin wani yake ɗora wa na kusa.

Sohel, mai surutun ajinmu, shaida ne. Ya yi wa ƙungiyar masu ba da jini ta unguwarsu shafi. Ya haɗa teburin sunaye da na lambobin waya a rumbun bayanai, komai ya fito tsaf, yana ta cika baki. Apa ta ce ya nemo mata kawunsa, wanda kowa ya san yana ba da jini. Babu shi. Ashe irin haɗin da ya yi, duk wanda ba shi da waya zubar da shi yake.

"Kai sarkin gaggawa," ta ce, "kuskuren da ya yi ihu ai ɗan'uwanka ne. Mai shirun shi ke cin mutane."

Bara ciwon suga ya taɓa idonta. Ta ƙara girman rubutu, ta dinga matsowa har hancinta na taɓa gilashin kwamfuta, ba ta gaya wa kowa ba. Da abin ya ƙi, sai ta koma sa mu karanta mata aikinmu da baki, har waƙafi, har baka. Tana saurare, sai ta ɗaga yatsa ta ce mini, "Tsaya, Nipa. Koma baya." In na koma, ga shi nan kuwa.

Da mai makarantar ya ce zai sallame ta, muka je muka roƙe shi ya bar ta ta ci gaba. Har ni na yi magana. Ya ce shi ma abin na ci masa rai, amma iyaye sun fara tambaya ko makauniya ce ke koya wa 'ya'yansu. Ƙarshen watan jiya ta sauko daga benen a karo na ƙarshe tana laluben bango, ta hana kowa riƙe ta.

Apa, ke ce idon masu ido. Ke ce ba ki taɓa ce wa ɗan koyo daƙiƙi ba, ko da ya maimaita kuskurensa na jiya. Mun gode. Allah Ya saka miki, Ya sauƙaƙa.

Ranar Juma'a na je gidanta. Ta tambayi kowa da sunansa. Da zan tafi ta riƙe bakin gyalena, ta ce a hankali, "Ba ki zo mini da wani abin da ya lalace ba?"

Lemo kawai na kai mata.

Ku da kuka bi ta hannunta kuka samu aiki, ku yi haƙuri da 'yan koyo yadda ta yi da ku. Kuma duk wanda aikinsa ya ƙi, kada ya tsaya sayen lemo. Ya ɗauki aikin ya je, ya zauna kusa da ita, ya karanta mata.