Babur Ɗin Malamin Gona

Da asuba Auta ya tashi ya cika gorar ruwansa. Da gari ya waye babur ɗinsa ya ƙi tashi, ya yi ta buga shi har mahaifiyarsa ta leƙo ta taga.

"Malamin gona guda, babur ya fi ƙarfinka?"

"Mama, shi ma hutu yake so."

Mahaifinsa, tsohon malamin makaranta, yana tsakar gida yana aske gemu. Ya ga fitar yaron a ƙafa ta madubi, bai juya ba. Da hantsi Auta ya kira ya ce ya isa. Da azahar maciji ya sare shi a gonar albasa.

Wurare uku ne ke amsa suna ɗaya a yankin: garin da suke zaune, kwarin da Auta ke koya wa manoma feshi da dashe, da kuma kangon mutanen dā da baƙi ke zuwa kallo. Shi ya sa direbobi ba sa tayar da mota sai sun tambaya, "Gari, kwari ko kango?"

Manoman sun kira Baffa, ƙanin mahaifin, domin shi ke da mota. Ya ce, "Ga ni nan." Suka ɗaure ƙafar, suka zuba wa hanya ido. Har la'asar shiru. Daga ƙarshe suka ɗora shi a kan amalanke, a nan Auta ya cika.

A zaman makoki Baffa ya durƙusa yana hawaye. "Yaya, sunan kawai suka faɗa mini. Na ɗauka a kango yake, can na nufa."

Malam, mahaifin Auta, ya dafa kafaɗarsa, ya ce kwana ne ya ƙare.

Bayan mutane sun ragu, mai sayar da ruwa a mararraba ta zo gaisuwa. Ta zauna kusa da uwar, tana magana tsakaninta da Allah.

"Ai da safen nan na gan shi, Baffansa ya sauke shi a bakin hanyar kwari, suna ta raha. Da rana kuma Baffan ya tsaya shan ruwa da baƙi cike da mota. Ya ce bari ya kai su kango tukuna, macizan kwari ba su da saurin dafi."

Malam yana bakin ƙofa. Ya roƙe ta ta maimaita, ta maimaita. Ya yi mata godiya.

Malam ya kai littattafan Auta makaranta, uwar ta riƙe gorar ruwan. Da Baffa ya zo ya ce, "Yaya, babur ɗin nan kar ya lalace a ajiye, ɗana zai iya mora," sai Malam ya dube shi.

"Wa ya kai Auta kwari ranar nan?"

Baffa ya sunkuyar da kai.

Malam ya sa aka gyara babur ɗin, ya tuƙa shi da kansa zuwa kwari. Ya miƙa wa shugaban manoma makullin.

"In wani ya faɗi, ku ɗauke shi. Kada ku jira kowa."

Ya komo gida a ƙafa.