Dubiya daga Bakin Ƙofa

Jiya mura ta kwantar da ni, matata ta dafa mini shayi da citta da kanumfari. Ƙamshin na bugun hancina sai ga ni a tsohon gidanmu na Al Thumama, ina ɗan firamare, Kaka na zaune a bakin katifata.

Ka san a Doha na girma. Karatu ya kawo Baba, aiki ya riƙe shi, daga baya ya ɗauko mahaifiyarsa daga Katsina don ta ga likitan ido, ta zauna da mu. Ni kaɗai ne yaro a gidan. Abokin wasana guda ne, shi ma ba mutum ba: wata 'yar dabba da ake kira feret, wadda maƙwabcinmu ya bar mini da zai koma ƙasarsu. In ba ka taɓa ganinta ba, ka kawo tunku a ranka, ka rage masa girma, ka ƙara masa rashin ji. Aikinta satar safa, shiga hannun riga, da barci kamar an biya ta.

Kaka ba ta ƙaunarta ko kaɗan. Ɓeran Turawa take ce mata, in ta gifta kusa da dardumarta sai ta tattare tana tsaki. "Maigidana," haka take tsokanata, "mutane na kiwon rago, kai ka tsaya kiwon wari."

Wata shekara da sanyi, lokacin da iskar arewa ke kaɗawa, rabin ajinmu na tari, mura mai zafi ta kama ni. Mama ta sa ni a ɗaki ta ce kowa ya nisanta. Wannan fa bai shiga kan Kaka ba. A garinsu in mutum ya kwanta, ɗakinsa cika yake da 'yan dubiya, har akuyar gida sai ta leƙo. Nan kuwa kowa yana bayan katangarsa. Da ta ga ba wanda ya zo, kuma ta ji ina kuka ina neman dabbata, sai ta tashi da kanta, ta naɗe hannu da gefen zani, ta ɗauko abin da take ƙyama ta ɗora mini a ƙirji. Ta ce, "Ga 'yar dubiya na kawo maka." Na rungume dabbar, na yi ta atishawa a kanta, na yi barci tana naɗe a wuyana.

Ina warkewa dabbar ta kwanta. Hanci na zuba, ido na ruwa, ta daina cin abinci, ta daina satar safa. Muka kai ta wurin likitan dabbobi, ya ce murar mutane na kama irinsu, kuma wasu ba sa tashi. Mai mura ya nisance ta, a wanke hannu kafin a taɓa kwanonta, in ya zama dole a rufe hanci da baki. Baba ya fassara wa Kaka a mota. Ni kam tsoro ya cika ni, don in dabbar ta mutu ban san wanda zai tare ni in na dawo daga makaranta ba.

Kaka ce ta yi jinyarta. Ta dafa romon kaza ba gishiri ba yaji, abin da a wurinta abin kunya ne, tana ɗiga mata da ƙaramin cokali, tana goge mata hanci da tsumma mai ɗumi, tana yi mata sannu kamar mutum. Ranar da ta miƙe, kallabin Kaka ta fara ja ƙarƙashin kujera. Tun daga nan ba ta da wurin barci sai cinyar tsohuwar.

Sai murar ta zagayo kan Kaka. Ita da ba ta yarda a bar mara lafiya shi kaɗai ba, ta ja ƙofarta ta rufe. Dabbar ta zo tana ta karce ƙofar. Na ce bari in shigar mata da ita ko na ɗan lokaci ne. Kaka ta buɗe kaɗan, mayafi a kan hancinta, idanunta jawur.

"Maigidana, riƙe ta daga can in gan ta. Ta yi dubiyarta daga bakin ƙofa, na gode."

Haka muka yi har ta warke. Kullum da la'asar sai in tsaya a waje in ɗaga ta sama, Kaka na daga ciki tana tambayar ko ta ci abinci, tana mata faɗan kallabinta.

Yau duk babu su, kuma ina kewar su ƙwarai. A benen da nake zaune a Lusail, kusa da Doha, rufe ƙofa a kan mai mura ya zama ruwan dare, kowa ya iya, sannu ma ta waya ake turowa. Ni ma jiya na ce a riƙe mini 'yata kada ta shigo. Can da la'asar na ji ana karce ƙofa, sai ga ƙaramar murya: "Baba, na zo dubiya." Na ja hular sanyi na rufe hancina, na buɗe kaɗan, na ce ta tsaya daga can in gan ta.