Haƙora Talatin da Shida na Mai Agogo

Shekara arba'in da ɗaya Mai Agogo ya yi yana buɗe shagonsa da ƙarfe bakwai da rabi daidai, har masu shaguna na kusa suka riƙa saita agogonsu da ƙarar kwaɗonsa. Shagon ɗan ƙarami ne: tebur ɗaya, fitila ɗaya, tabarau mai ido guda, da agoguna goma sha tara a bango waɗanda masu su suka kawo gyara ba su dawo ba. Kowace safiya sai ya ba su wani, wato ya murɗa makullinsu don kada su tsaya, kafin ya zauna. Matsalar ita ce shagon yana can saman tudu, gidansa kuwa yana gangare, tsakaninsu akwai hawa mai tsawo wanda ko matasa sukan sauka su tura keke.

A shekarar da ya cika sittin da takwas gwiwarsa ta dama ta ƙi. Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata, ta zo ta zauna a gabansa ta ce: "Baba, likita ya hana ka hawan nan. Telan da ke maƙwabtaka da kai yana son shagon. Ka ba ni makullin, ka huta."

"In huta in yi me? In ƙirga ƙudaje?"

"To mijina ya riƙa kai ka a babur."

"Ni ba buhu ba ne da za a ɗora a sauke. Ranar da na kasa kai kaina shago, ki zo ki karɓi makulli, ba zan ce uffan ba."

Ta san halinsa, don haka ta kama shi da bakinsa. Suka yi yarjejeniya: ranar ɗaya ga wata mai kamawa, in bai hau tudun da kansa ba, ba tare da ya wahalar da gwiwar ba, shago ya zama na tela.

Washegari ya fito da tsohon kekensa ya ce zai sa masa injin lantarki. Maiɗakinsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, da tsufanka za ka koma wasan yara?" Ya amsa mata cewa yaran ma a wurin manya suka koya.

Bai san lantarki sosai ba, saboda haka ya nemi surukinsa, mijin 'yar tasa, bakanike mai son gudu kamar ransa. Tare suka je kasuwa. A kan batir suka fara saɓani. Surukin ya nuna manyan batura uku na dalma, ya ce sun fi juriya. Mai Agogo ya ɗaga ɗaya da hannu biyu, ya dire, ya ce, "Wannan ai shi ma sai an kai shi saman tudun. Ba zan ɗauki kaya in ɗora wa kaya ba." Ya zaɓi ƙarami marar nauyi, tunda tafiyarsa ba ta wuce zuwa da dawowa ba. Suka sayi ɗan madaidaicin inji, da kwantirola, wato akwatin da ke auna wutar da batir zai ba inji, wadda ƙarfinta ya yi daidai da na batirin.

Saura faifai biyu masu haƙora da sarƙa za ta haɗa, ɗaya a jikin inji, ɗaya a tayar baya. A nan Mai Agogo ya yi kuskuren da ya daɗe yana jin haushinsa: ya ji nauyin suruki, ya yi shiru a kan abin da ya fi kowa sani. Surukin ya ɗauko mai haƙora goma sha shida don inji, da mai ashirin don taya, yana cewa, "Baba, da wannan sai dai su ga ƙeyarka."

A kan shimfiɗaɗɗen titi kuwa keken ya yi gudu har hularsa ta faɗi. Da suka nufi tudu sai labari ya sha bamban. Kafin rabin hawa injin ya fara gurnani, gudun ya mutu, sai ga wari kamar an jefa roba a wuta. Kwantirola ta ƙone. Mai Agogo ya tsaya a tsakiyar hanya riƙe da keke, masu shaguna suna kallo. Mai faci da ke bakin titi ya ɗaga murya ya ce, "Baba, jirgin naka ya sauka tun bai tashi ba!" Tela ma ya leƙo daga sama, ya yi masa sannu da fara'ar da ta yi yawa.

Da yamma surukin ya zo da shawara: a sayi babban inji, da babbar kwantirola, da batir mai ƙarin ƙarfi. 'Yar kuwa ta ce, "Baba, saura kwana goma sha biyu. Ba abin kunya ba ne mutum ya haƙura."

Mai Agogo ya sa aka kwantar masa da keken a tsakar gida, ya maƙala tabaransa mai ido guda, ya bi haƙoran da tsinke yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake yi wa kowane agogo kafin ya taɓa shi. Sai ya ɗago ya dubi surukin.

"Ɗana, kwantirolar nan ba ta yi laifi ba, mu muka zalunce ta. Ka taɓa buɗe agogon bango? Ɗan siririn ƙarfe ne a nannaɗe yake tafiyar da shi kwana takwas. Ba ƙarfi gare shi ba, haƙora ne suke raba masa aikin. Mu kuwa mun ce wa ɗan injin nan ya juya sau ɗaya, taya ma ta juya kusan sau ɗaya, da ni a kai, a kan tudu. Ya kasa, ya yi ta jan wuta, akwati ya ƙone."

"To ai shi ya sa na ce a ƙaro babba, Baba."

"A'a. Tara a inji, talatin da shida a taya. Ya juya sau huɗu, ita ta juya sau ɗaya."

Surukin ya riƙe baki. "Wallahi kunkuru zai wuce ka."

"Ya wuce mana. Shi ma shago gare shi?"

Faifai mai haƙora talatin da shida bai zauna a tayar ba sai da gyara. Kwana shida Mai Agogo ya yi yana huda, yana goga da zarto, yana gwadawa, yana sake cirewa. Surukin, duk da ƙorafinsa, shi ya yi waldar, ya kuma kawo sabuwar kwantirola irin ta farko. Tsohon ya sa aka ɗaure ta inda iska za ta riƙa bugunta, ya bar wa sarƙa ɗan sassauci gwargwadon faɗin yatsa, domin a cewarsa abin da aka matse ƙwarai ba ya daɗewa.

Ranar ɗaya ga wata, da ƙarfe bakwai da minti biyar, ya hau. 'Yarsa ta biyo shi a ƙafa cikin kayan aikinta. Keken ya kama hawa yana ɗan kuka siriri, ƙafafun tsohon suna kan feda ba su motsa ba. Wata mata mai sauri ɗauke da kwando ta jera da shi na ɗan lokaci, suka gaisa har da tambayar iyali. Da ya iso inda ya tsaya rannan, mai faci ya ce, "Baba, ko in zo in tura?"

"Tura bakinka ciki," in ji Mai Agogo, bai ko waiwaya ba.

Gudun bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba, har ƙofar shago. Ya sauka a hankali, ya jingine keken, ya tsaya jiran 'yarsa, wadda ta iso tana haki. Ta sunkuya ta ɗora bayan hannunta a jikin injin, sannan a kan kwantirola, kamar mai duba goshin majinyaci.

"Yaya, Uwata? Akwai zazzaɓi?"

"Babu," ta ce. "Amma gangaren fa? Sai an sauya birkin nan kafin ka sauko, kuma hular kwano dole."

"Birki na yarda. Hular kwano kuwa, ma yi magana."

Ya zaro makulli daga aljihu, ya ɗaga shi sama yadda tela zai gani sosai daga bakin ƙofarsa, sannan ya buɗe kwaɗon. Agogunan bango suna nuna bakwai da minti ashirin da takwas. Ya ja tsaki, ya ce gobe sai ya ƙara minti biyu a gida, kada ya ɓata wa maƙwabta saiti.