Anti Tafireta da Sabuwar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa hawa benen ofishin lauyan nan ya san Anti Tafireta, don ita za ka fara cin karo da ita da ka turo ƙofa. Gajeriya ce, fuska kullum a ɗaure kamar an taka mata ƙafa. Sunan tun zamanin baban Barista ta samo shi, lokacin da take dukan tafireta har masu shago a ƙasa suna jiyowa. Tafiretar ta mutu, baban Barista ya mutu, mijinta ma ya bi su, sunan kawai ya ƙi mutuwa.

Shekara talatin da ɗaya tana kan teburin nan. Ita ke buɗe imel ɗin ofis da safe, ta gaya wa Barista wa ya rubuto da me yake so, ta rubuta amsa. Yatsunta sun haddace kibod, ko ka kashe fitila ba za ta tsallake harafi ba. Barista kuwa tun yana zuwa da gajeren wando yana ɓare mata biro ta san shi, shi ya sa har yau in ta harare shi sai ya gyara tsayuwa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne Anti ba ta gani. Tana ganin ƙofa, tana ganin mutum, amma duk abin da ta zuba wa ido sai tsakiyarsa ta dushe, kamar an dangwala mata mai a gilashi. Shekara huɗu ke nan. Likita ya ce mata ba zai dawo ba, ta ce masa ta ji, ta ɗauki jakarta.

Autarta ce kaɗai ta sani. Wata Asabar yarinyar ta biyo ta ofis, ta liƙa wa manhajar imel ɗin wani ɗan ƙari mai karanta saƙo da murya. Ka danna maɓalli biyu, sai wata mata mai sanyin murya ta fara karanto maka a hankali. Anti ta sa mata suna Malama. Wayar iyafis ta bi ta ƙarƙashin tebur, ta bi ta cikin mayafi, ta shige ƙarƙashin ɗankwali. Mutanen ofis suka ɗauka rediyo take ji, ita ma ta bar su a haka. Don ta san ranar da Barista ya gane, zai ce cikin ladabi, "Anti, ki je ki huta." Hutun me? Auta ta yi aure ta tafi. Gidan ba kowa sai agogon bango da ƙarar firij.

Sai ga Litinin ɗin nan. Ta shigo ta tarar da wani ƙato mai tumbi, wai Injiniya, ya durƙusa a ƙarƙashin teburinta yana zare wayoyi, rabin bayansa a waje.

"Kai, wa ya aiko ka?"

"Barista ne, Hajiya. Sabuwar kwamfuta ya sayo miki. Wannan tsohuwar ai ta kusa yin jika."

"Ni na ce masa ta dame ni?"

"Ba ki jin yadda fankarta ke kuka? Kamar injin markaɗe."

Ya kwashe komai a filas, ɗan abin nan na ajiye bayanai, ya juye a sabuwar. Saƙonni suka dawo, adireshi suka dawo, har hoton jikanta da ke kan sikirin. Anti ta zauna, ta lallaɓa ta soka iyafis, ta danna maɓallanta biyu. Shiru. Ta sake dannawa. Shiru.

"Injiniya, akwai wani ɗan abu da yake jikin tsohuwar…"

"Oh, ƙarin nan? Na gwada, ya ƙi hawa. Manhajar sabon fita ce, shi kuma wanda ya ƙirƙire shi ya daɗe da watsar da shi. Ba sa jituwa. Me yake miki ne?"

Ƙofar Barista a buɗe take. Anti ta ce, "Ba komai. Ado ne."

"To ai shi ke nan." Ya rungumi tsohuwar ya kai ta sito, ya ɗora a kan kwalayen tsofaffin fayil.

Kwana uku ta yi tana wahalar da ba wanda ya aike ta. Ta ƙara girman rubutu har kalma biyu ta cika sikirin, ta karkata kai tana leƙe ta gefen ido kamar kaza ta hango tsaba. Saƙo ɗaya sai ya ci mata rabin awa. Kai ya yi ta sara, ido ya yi ta ruwa. Da mai shara ta tambaye ta lafiya, ta ce mura ce, kuma ta kula da tsintsiyarta. Ta kira Auta daga banɗaki tana raɗa.

"Umma, ki faɗa masa kawai mana."

"Ke kika haife ni ko ni na haife ki?"

"To ni dai ba zan iya gyara shi ta waya ba."

Saƙonnin da ba a buɗe ba suka kai sittin da wani abu. Matar da a da kafin Barista ya cire hula ta gama jero masa labarin safiya, yanzu sai dai ta ce "ina zuwa."

Ranar Alhamis Barista ya fito da wani baƙo a bayansa, ya tsaya a kanta.

"Anti, lauyan ɗaya ɓangaren ya ce ya turo amsa tun shekaranjiya. Karanto mana, Alhaji na sauri."

Ta buɗe saƙon. Ta kalle shi. Baƙi-baƙi ne kawai yake iyo a cikin fari. Tana jin numfashin su biyun a kanta, da ƙamshin turaren baƙon mai hawa kai. Ta yi tunanin ta ce netwok ne. Ta yi tunanin ta ce kanta ke ciwo. Wallahi gajiya ce ta hana ta, ƙaryar ma ƙarfi take so.

"Ranka ya daɗe, karanta da kanka. Ba na gani."

"Ina gilashinki?"

"Ga shi a fuskata."

Barista ya sunkuya ya karanta, ya sallami baƙon, ya dawo ya ja kujerar jira ya zauna. Anti ta zaro iyafis daga ƙarƙashin ɗankwali ta ajiye a tebur, ta faɗa masa komai, ba kuka ba roƙo.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu da wata uku."

"Duk wasiƙun nan da nake sa wa hannu…"

"An taɓa dawo maka da ɗaya?"

Ya murza goshi. Shi ma ba yaro ba ne yanzu, furfura ta ci masa gefen kai. "Ni fa na ɗauka wa'azi kike ji, shi ya sa ba na son katse ki."

Aka sake kiran Injiniya. Ya ce ai sabuwar ma tana da mai karatu a cikinta, ya kunna. Wani namiji ya ɓarke da surutu ta hanci, yana karanta duk abin da ke kan sikirin, har agogo, har sunan kowane maɓalli. Anti ta daure minti goma, ta cire iyafis ɗin.

"Wannan ba karatu yake ba, masifa yake."

"Za ki saba, Hajiya. Wata biyu, uku."

"Wata ukun wa zai amsa saƙo, tumbinka?"

Barista ya ce a ɗauko tsohuwar daga sito. Injiniya ya hure mata ƙura, ya jona, fanka ta tashi da kukanta. Ya ce shi dai ya faɗa, kwamfutar nan ba ta da sauran kwana da yawa, kuma duk ranar da aka kuskura aka yi wa manhajar afdet, ƙarin ya tafi ke nan.

"Za ta zauna a nan har ta gama," in ji Barista.

"Ni ko ita?"

"Duk wadda ta riga, Anti."

Yanzu sabuwar tana gefe a rufe da tawul, Anti na ɗora kofin shayi a kai. Wani lokacin bayan azahar takan yaye tawul ɗin, ta ba mai maganar hancin nan minti biyar, ta zage shi, ta rufe. Wayar iyafis kuwa ta daina ɓoye ta, a fili take lilo.

Kullum da safe in ta kunna tsohuwar, sai wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko za a sabunta manhaja. Ba ta ganin rubutun, amma hannunta ya san hanya. Ta tsallake maɓalli ɗaya, ta danna na biyu, wanda Injiniya ya ce yana nufin "ba yanzu ba." Sai ta jira fanka ta gama tarinta, Malama ta fara karatu.