Ƙuri'ar Célanie

Célanie ta girma a bayan kantar shagon uwarta, a bakin kogin Teche a jihar Louisiana ta Amurka, tana auna garin kofi da gishiri tun kanta bai kai sikeli ba. Uwar, Madam Ositte, cikinmu take, 'ya'yan da ba a haifa cikin bauta ba, ba kuma Turawa ba. Tana da gonar rake mai fuskantar kogi, da mashigin da jirgi ke tsayawa, da bayi huɗu. Na huɗun shi ne Télémaque, mai harhaɗa gangunan katako na zuba sukari, kuma shi ne uban Célanie.

Bayan mijinta na fari ya mutu ya bar ta da ɗa guda, Numa, sai ta sayi Télémaque daga wani Bature, suka zauna zaman miji da mata. Ba ta 'yanta shi ba. Dokar Louisiana ta ce wanda aka 'yanta sai ya bar jihar, daga baya ma aka hana 'yantawar ɗungurungum. Don haka takardar ciniki ta zauna a kabad, ƙarƙashin zannuwan gado. Gidajenmu da yawa haka suke, ba wanda yake ganin abin magana ne.

Har wasa suke yi da abin. In ya makara wajen cin miyar gumbo sai ta ce, "Kai, kayana, ina ka shiga?"

"Madam, kayan da aka saya da tsada ai lallaɓa su ake yi," in ji shi.

Ciwon shawara ya kashe Ositte a 1860. Ta bar wasiyya a raba dukiyarta biyu tsakanin Numa da Célanie. Ba ta ambaci Télémaque ba, don a wurinta miji ne, wa ke sa miji a rabon gado? Magatakardan kotu kuwa da ya buɗe kabad ya ga takarda, sai ya lissafa shi tsakanin alfadarai da tukwanen dafa rake.

A al'adarmu ba a jayayya kan gado, ƙuri'a ake ja. Aka rubuta kashi biyu aka jefa cikin hular magatakarda. Ɗaya shago da mashigi da gonar bakin kogi. Ɗayan ƙasar baya mai fadama, da dabbobi, da bayi huɗu. Ina wurin, ni da mijina muka yi shaida. Célanie ta sa hannu ta zaro bakin kogi.

Numa ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai. Ya dubi tsohon da ya koya masa iyo, wanda yake kira Tonton, wato baffa, ya ce, "Kwantar da hankalinka, Tonton, sayar da kai kam ba zan yi ba. Haya dai zan ba da kai lokacin matsar rake. Ba'amurken can na ƙetaren kogi ya daɗe yana neman mai ganga."

Télémaque na da shekara sittin da uku. Kowa a ɗakin ya san wata uku a matsar Ba'amurken nan me suke yi wa matashi, balle tsoho.

"Yaya Numa, mu yi musaya," in ji Célanie.

"Ke, fadama fa ce. Sauro za ki noma?"

"Na ji. Ba ni."

"Célanie, kada ki yi wauta," in ji uban. "Ni saura nawa?"

"Papa, ba da kai nake ciniki ba, da mai kai nake yi."

Numa bai ja ba, wa ya ƙi faɗuwar da ta zo daidai da zama? Suka sa hannu kafin kofi ya huce.

Ta koma ƙasar baya da ubanta. Sauran bayin uku suka ci gaba da sara mata rake kamar yadda suka sara wa uwarta, ba ta ga wani abu a ciki ba, mu ma lokacin ba mu gani ba. Ruwa ya cinye gonar shekara biyu a jere. Sai ta shiga toya alewar gyaɗa tana kaiwa mashigi, tana sayar wa fasinjoji a kan ƙasar da ta taɓa zama tata na rabin sa'a. Saurayin da aka sa musu ranar aure ya janye, don bakin kogi ya yi wa alkawari. Ba ta ƙara zancen aure ba.

Télémaque ya yi shekara uku yana gyaran ganguna a inuwar gidanta, ya mutu a kan gadonsa. Wata biyu bayan haka, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, sojojin jihohin Arewa masu adawa da bauta suka shigo Teche, bayi suka fara watsewa daga gonaki, takardu irin tata suka zama abin kunna murhu. Mutane suka ce ta yi asarar banza. Ni ban ce ba, don na ga ranar jana'izar.

Fada ya buɗe littafin coci ya rubuta abin da doka ta sani: "Télémaque, bawan Célanie." Ta iya karatu, ta karanta. Ta ciro takardar cinikin daga rigarta, ta ninke, ta sa masa a aljihun kwat kafin a rufe akwati.

"Riƙe, Papa," ta ce. "Yau dai kai ke da kanka."