Ranar da Duba-gari ya buɗe ƙofa

Shekara shida ke nan da rasuwar Malam Ilu, mutumin Damagaram mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Mahdiya, nan garin Sabha, a ƙasar Larabawa. Gida ɗaya muka yi haya da shi. Ni Bakano ne mai sayar da takalma, shi kuwa ya ba ni shekaru, don haka Yaya nake ce masa.

Yawancinmu mun zo ƙasar nan da wani kuskure: mun ɗauka babu sauro a sahara. Ni a Kano na bar gidan saurona, don in rage kaya. Ilu ya san ba haka ba ne, domin sana'arsa ta nuna masa. Na'urar da talaka ke iya saye a nan da ruwa take aiki, idan ta lalace aka jingine ta, ruwan yakan kwanta a cikinta har ya yi tsutsa. Ga kuma durorin da muke tara ruwa saboda ɗaukewar famfo, duk a buɗe. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zaga tsakar gida yana kife gwangwanaye, yana ɗaure bakin duro da buhu. Muka sa masa suna Duba-gari.

"Yaya, sauron me a wannan rairayi?" nakan tsokane shi.

"Kai Bakano, mota guda kuka shigo da shi, yanzu ka ce ba ka san shi ba?"

Wata shekara matata Hauwa, da cikin wata biyar, ta kwana uku tana zazzaɓi. Na ce zafin gari ne. Gaskiyar magana ita ce iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ina tsoron asibiti. Da hantsin rana ta huɗu ma'aikatan lafiya suka shigo layinmu da motar feshi, suna ƙwanƙwasa gida-gida. Al'adarmu a lokacin, duk wanda ya zo da mota da takarda a hannu, ɗan sanda ne. Aka danna sakata, gida ya yi tsit.

Ilu ya fito daga ɗakinsa da sukuddireba a hannu, ya nufi ƙofa. Na riƙe masa riga.

"Yaya, za ka kashe mu."

"Ka ji numfashin yarinyar nan kuwa? Ni daga ɗakina nake jin sa. Sake ni."

Ya zare sakata. Da Larabcinsa na kasuwa ya yi musu bayani, ya kai ma'aikaciyar jinya ɗakinmu. Ba ta tambayi takarda ba, yatsan Hauwa ta nema. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, aka wuce da ita asibiti a ranar. Na yi mako ina kauce wa idon Ilu. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ranar da aka sallamo ta, sabon gidan sauro na tarar a rataye a ƙofarmu.

Bara an yi ruwan sama irin wanda ban taɓa gani a garin nan ba, ruwa ya kwanta a layuka, sauro ya yi yawa. Na yi ta tunanin abin da Ilu zai ce da yana raye. Ina jin zai yaba da cewa yanzu ana aiko da sanarwar feshi ta waya, har wani ya mayar da ita Hausa. Amma zai yi tsaki, domin motar feshi a titi take wucewa, duro kuwa a tsakar gida yake, kuma har yau wasunmu na danna sakata. Tsoron nasu ba na banza ba ne, na san shi sarai.

Ilu ya rasu bai bar gida ba, bai bar shago ba. Kayan aikinsa ma an aika wa ƙaninsa a Damagaram. Abin da ya bari shi ne 'yata Zainab, 'yar cikin nan na Hauwa, wadda yanzu take aji uku, ba ta ma iya tuna fuskarsa.

Da ma'aikatan lafiya suka ƙwanƙwasa mana bara, wani sabon zuwa daga Maraɗi ya riƙe mini riga. Haka ni ma na riƙe ta Ilu. Na ce masa, "Sake ni, ƙanina." Na je na zare sakata.

Allah Ya jiƙan Duba-gari, Ya sanyaya masa makwanci.