Mai Gadin Ƙofar Garin Wata

Nata'ala mai ɗaurin goro ne a Sabo, Ibadan. Ba shi da yawan magana, sai a shekarar da rediyo ta ce Turawa sun taka wata bakinsa ya buɗe. Yana jera goro cikin ganye, yana ba mu labarin wani gari da ya ƙirƙiro a wata, wanda aka rufe ruf da gilashi don babu iska a waje.

Kullum labarin ɗaya ne. Wani ya makara a waje, numfashinsa na ƙarewa, yana bugun ƙofa. Mutanen gari suka ce kada a buɗe, iskarsu za ta zurare. Mai gadi ya buɗe, mutumin ya rayu.

Muka gaji, muka riƙa yi masa tsiya. Bai taɓa sauya ƙarshen ba.

Ranar da muka binne shi, matarsa Zinariya ta gaya mini abin da ya raba su da Jos, inda suke zaune kafin su zo Ibadan. A rikicin sittin da shida, maƙwabcinsu Obiora tela ya bugi ƙofarsu, ana bin sa da adduna.

"Hannuna na kan sakata," in ji ta, "Malam ya ce in bari."